Jikin Yayana

Mu biyu ne maza a ɗakin Innarmu, a Tozai, amma wanda bai san gidanmu ba ba zai yarda ciki ɗaya muka fito ba. Yayana dogo ne, ƙirjinsa faffaɗa, cinyarsa kamar turmi. Ni kuwa tun ina yaro ana iya ƙirga haƙarƙarina daga nesa. Saboda haka duk damuwar Inna a kaina ta ƙare. Ni ake ƙara wa nono a fura, ni ake jiƙa wa sassaƙe, ni ake hanawa fita idan hadari ya haɗo. Shi kuwa ba a taɓa tambayarsa ko kansa na ciwo ba.

A wancan lokacin girmansa ba na banza ba ne. Da damina tun asuba yake gona, yana huɗa har rana ta take. Da kaka yakan ɗora dami biyu na gero a ka ya taho gida yana hira. Idan aka gama girbi aka buɗe filin kokawa, har daga ƙauyukan ƙetaren iyaka ake zuwa gwada ƙarfi da shi, kuma ba kasafai bayansa ke taɓa ƙasa ba. Ina tsayawa cikin 'yan kallo, idan wani ya tambaya sai in ce da ƙarfi, "Yayana ne!" Sau da yawa dariya ake yi mini.

Da ya yi aure ya samu ɗan jari, sai ya koma Sabon Birni ya kama sayen hatsi. Allah ya sa wa abin albarka. Ya samu rumfa, ya sayi mashin, ya daina ɗaukar buhu da kansa. Daga gida zuwa rumfa a mashin, daga rumfa zuwa masallacin da ake hangowa ma a mashin. Yini yake a zaune, ga shayi, ga nama, ga lemo mai sanyi. Jiki ya ƙara buɗewa, tumbi ya fito, wuya ya cika. Mutane suka ce hutu ya karɓe shi. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare kusa da Isa, ina zuwa a keke, ina noma gonar gidanmu, ina nan yadda nake.

Idan mun haɗu a gida da salla, Inna takan dube shi ta yi murmushi, sannan ta juyo gare ni.

"Kai dai ban san ina abincinka ka tahiya ba," in ji ta. "Dubi ɗan'uwanka, tubarkalla."

Mun sha ganin yana haki idan ya ɗago daga sujada. Mun ga ya daina sa takalmi sau-ciki, ya ce matse shi yake yi. Babu wanda ya kawo komai a ransa. A wurinmu mai jiki shi ne mai lafiya.

Inna ta rasu da bazara, bayan ta sha jinya. Aka yi mata salla da hantsi, rana ta riga ta fara zafi. Hanyar maƙabartar garinmu yashi ce, ƙafa na nutsewa. Da aka zo ɗaukar makara, wani dattijo ya ce a ba babban ɗa gaba. Yayana ya sa kafaɗa, ni ina bayansa. Inna ba ta da wani nauyi, jinya ta cinye ta.

Ba mu yi nisa da gidajen ƙarshe ba na fara jin numfashinsa kamar zugazugin maƙeri. Bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Wani ya matso zai karɓe shi, ya girgiza kai. Can sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, makarar ta karkata, mutane suka yi salati suka tare ta. Aka janye shi gindin wata aduwa. Leɓunansa sun yi toka-toka.

"Ku tahi," ya ce da ƙyar. "Ina nan tahe."

Bai zo ba. Ni da kawunmu muka shiga kabari muka kwantar da ita. Da muka dawo na same shi inda muka bar shi, ya jingina da itacen, hawaye na bin gemunsa. Na tsuguna kusa da shi.

"Duk nauyin nan nawa matar ga ta goye ni," ya ce. "Ni ko na kasa kai ta makwancinta."

Na kama hannunsa na tashe shi, muka koma gida.

Bayan sadakar bakwai na matsa masa muka je asibiti a Isa, daga can aka tura mu Sakkwato. Likitan da ya duba shi ya sa ya ɗaga wando, ya danna babban yatsa a ƙaurinsa. Da ya ɗauke yatsan, ramin ya zauna bai cike ba. Ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a sani ba, har zuciya ta gaji, kuma wani abin da muke kira ƙiba ruwa ne ya taru.

"Likita, ni hwa ɗan kokawa ne," in ji Yayana, kamar mai kare kansa gaban alƙali.

"Na gani a ƙashinka," in ji likitan. "Amma yaushe rabonka da ka yi tafiyar da ta sa ka zufa? Sikeli nauyi yake nunawa, ba ya nuna ƙarfi. Ina ganin masu jiki irin naka da zuciyarsu garau, ina kuma ganin sirara da suka fi ka ciwo."

Sai ya ce in miƙo nawa hannun. Ya auna, ya ce ni ma jinina ya fara hawa, kada in ɗauka rama ta ba ni kariya. Wannan ne kaɗai abin da ya sa Yayana murmushi a ranar.

Muka kamo hanyar gida a mota. Da muka kusa Isa sai ya ambaci gwaggonmu, ƙanwar Baba, mace mai jiki sosai, wadda har lokacin take zuwa kasuwar Bafarawa a ƙasa da ƙwaryar daddawa a ka.

"Gwaggo ta hi ni faɗi," ya ce, "ga ta tsohuwa, kuma ba ta haki. Ashe ba girman ba ne. Zaman ne ya ci ni."

Ya riƙe magani da gaske. Aka rage gishiri da mai a miyarsa. Ya ajiye mashin, ya fara zuwa masallaci a ƙasa, yana hutawa a hanya. Ruwan jikin ya sauka, tumbi ya ragu, ya fara barci ba tare da an tara masa matasan kai ba. Shi da kansa ya ce mini ƙirjinsa ya yi sakayau.

Amma a lokacin ne gari ya fara yi masa jaje. Duk wanda ya gan shi sai ya riƙe baki. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce jifa aka yi masa, wasu suka faɗi abin da ya fi wannan muni. Abokan cinikinsa suka fara ja da baya. Matarsa, mace mai haƙuri da ke ƙaunarsa ƙwarai, takan zuba masa tuwo ta koma ɗaki ta yi kuka, domin ita ma idonta ya saba da wancan jikin. Wata rana na same shi ya sa riga biyu a ƙarƙashin babbar riga, ga zafi.

"Yaya, mi ne ne haka?"

"Lokacin da nike mutuwa, cewa sukai ina da lahiya," ya ce. "Yanzu da na samu numfashi, sun ce za ni mutu. Na gaji da amsa gaisuwa."

Da damina ta faɗi ya zo Tozai ya ce in yanka masa wani ɗan gefe a gonar gidanmu, zai noma da hannunsa. Wurin bai kai abin da yake gamawa kafin kalaci ba a zamaninsa. Yanzu sai ya yi kunya ɗaya ya tsaya ya dogara da hauya. Na ce in taya shi, ya ce in na taɓa masa ko ciyawa ɗaya ba ni ba shi. Duk mako yakan zo, ko da hanya ba ta da tabbas. Ya yi noman fari, ya yi maimai. A wannan daminar ce ya taka da ƙafarsa har maƙabarta, ya tsaya a kan kabarin Inna ya daɗe yana addu'a. Da ya dawo ya ce mini sau ɗaya kawai ya huta a hanya. Yana faɗa yana dariya kamar yaro.

Na fara sa rai. Amma likita ya riga ya gaya mini a gefe cewa irin wannan zuciyar lallaɓa ta ake yi, ba ta komawa sabuwa.

Gero ya fitar da kai, bai kai ga nuna ba, aka kira ni a waya ina aji. Wai yana zaune a rumfa da safe yana magana da wani mai wake, sai ya dafe ƙirji ya kife. Kafin a samo mota ya cika.

Da kaka ni na girbe gefen nasa, na ɗaure shi daban. Bai yi yawa ba, amma zangarniyar ta yi kauri, domin bai bar ciyawa ko ɗaya ba. Na kai wa matarsa a Sabon Birni, tana cikin takaba. Ta zauna a tabarma ta zare zangarniya ɗaya tana shafawa.

"Shi ya noma wanga da kanshi?"

Na ce shi ne, ko hauya bai bari na sa ba.

Sai ta ce, "Ni ko kullum ya dawo sai in yi mai faɗa, in ce yana kashe kanshi."

Na ce mata a gonar ne na fi ganinsa cikin walwala. Ta rufe fuska da mayafi. Na zauna a bakin ƙofa har ta gama kuka, sannan na yi mata sallama na fita neman motar Isa.