Ƙafa Ɗaya a Tashar Zwolle

A tashar jirgin ƙasa ta garin Zwolle nake kallon wata mata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk kanta, farar hodar 'yan wasan alkafura ta maƙale a faratanta. Tana tsaye da ƙafa ɗaya ƙyam, ɗayar a naɗe da bandeji. Da gani, likitoci sun daɗe da sanin ƙafar nan.

Mahaifiyarta na riƙe mata jaka, tana mita: "Maaike, shekararki talatin. Ƙanwarki har ta haihu, ke kina nan kina tsalle-tsalle. In ƙafar ta ƙi a gasar alkafurar nan da za ki je fa?"

"Sai in shiga gasar da hannu, Mama."

Jirgi ya iso. Ta karɓe jakarta, ta sauke ƙafar mai ciwon, da ita ta fara takawa.