Fuskar da Aka Shafe a Ƙurban

A Romaniya na karanci haɗa magunguna, kuma abu ɗaya na taho da shi: kwafin wani tsohon zanen mace. Mai zanen bai damu da kyau ba. Ya dangwala mata kore a kumatu, ya bar hannunta kamar bai gama ba. Ta zabga tagumi irin na mahaifiyata, wadda ta rasu ina can, ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Da aiki ya kai ni da mijina Madina, na rataye shi a falonmu na unguwar Ƙurban. Gwaggon mijina, haifaffiyar garin, ta zo ta toge a bakin ƙofa.

"Haram, ya binti, 'yata! Mala'iku ba sa shiga gida mai surar mutum."

Na ce, "To Gwaggo, zan sauke."

Washegari kafin in dawo daga aiki, mijina ya riga ni. Wai tausayina ya ji, bai sauke ba. Baƙar tawada ya sa ya shafe fuskar, ya bar hannun yana tallafe da duhu.

Sau biyu ke nan ana binne mini uwa ba na nan.