Ranar da Babura Suka Bi ta Kan Malam

Ni da manyan babura ba ma ga maciji. Na tsani ƙararsu, na tsani yadda masu su ke wuce mutum a titin Kawo kamar an biyo su. To sai ga ƙanina, autan gidanmu, ya sayo ɗaya, wani dogo mai tayoyi kamar na tarakta, wai yana bin kwalta yana kuma shiga daji. Wata Asabar bayan ɗaukewar damina ya same ni a gida, Unguwar Dosa, ya ce ƙungiyarsu na taro, mahaya sun zo daga garuruwa da dama, in zo in ba idona abinci.

Har na buɗe baki zan ce a kai kasuwa, sai ya ce a Katabu za a yi. Nan na fasa. A Katabu aka binne mahaifinmu, Malam, tun garin yana ƙauye, don can ya ƙare rayuwarsa yana koyar da karatun allo. Auta yana makarantar kwana a lokacin, bai samu jana'iza ba, kuma har ya tara gemu bai taɓa zuwa kabarin ba. Kullum maganarsa ɗaya, "Sai wani satin, Yaya." Waɗanda muka ɗauki makara tare duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na san wurin: gabas da wata tsamiya, akwai rabin tukunya da na kife da hannuna ta wajen kai. Na ce a raina, yau ko da jan kunne sai na nuna masa.

Na bi su a motata har wani fili a bakin hanyar Zariya. Na tarar mahayan sun cika wurin. Magidanta ne fa, wasu da furfura, sun cusa tumbinsu cikin rigunan fata a wannan zafin, in mutum ya gifta ka sai ka toshe hanci. Kowa na murza totur alhali babu inda za shi. Wani ya danne birki ya bar tayar baya tana ta juyi wuri ɗaya har ta ƙone, hayaƙi ya turnuƙe mai tsire da tsirensa, su kuwa sai tafi suke. Na yi wa wani sallama, ya ɗaga mini yatsu biyu ta cikin safar hannu. Ko amsa ban samu ba.

Da hantsi ya ɗaga aka ce masu baburan kwalta su huta, yanzu na daji za su nuna bajinta. An ɗaura jajayen ƙyallaye a jikin itatuwa don nuna hanya, 'yan kallo muka bi su a ƙafa zuwa inda aka ce wurin tsalle ne. Sababbin gidaje sun cinye gonakin da na sani, don haka ban gane inda muke ba. Na ga dai ciyawa ta kai gwiwa, an tattake tsakiyarta, ga 'yan tuddai jere, babura na hawa suna dira. Ina cikin tsaki na ɗaga kai, sai na ga tsamiyar, da jan ƙyalle ɗaure a reshenta.

Nan take na gane wurin. Tsohuwar maƙabarta ce, wadda ba a taɓa kewaye ta ba, aka daina binnewa a cikinta tun da aka buɗe sabuwa. Na fara ihu, "Kai! Ku tsaya! Kaburbura ne!" Wa zai ji ni a wannan ruguntsumi? Wani mai ɗaukar hoto da waya ya taɓa kafaɗata ya ce, "Baba, ɗan matsa mana, kana shigar mini hoto."

Sai ga Auta ya taho, na gane shi da koriyar hular kwanonsa. Ya miƙe tsaye a kan babur, ya hau tudu, ya tashi sama, ya dira a kan na gaba, tayar baya ta watso jar ƙasa. Wuri ya kaure da shewa. Ban san lokacin da na tattare babbar rigata na shiga tsakiyar hanyar na ware hannuwa ba. Na bayansa ya ci birki da kyar, saura kuma suka tsattsaya.

Shugabansu ya iso yana huci. Da na gaya masa, ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, wallahi ce mana aka yi tsohuwar gonar dankali ce, kunyoyi ne." Na so in yarda ya ji abin a ransa. Amma ko rufe baki bai yi ba ya juya yana ce wa masu waya kada kowa ya saka bidiyon, a kwance ƙyallaye a bar wurin kafin mutanen gari su ji. Babu wanda ya ce a yi wa mamatan ko Fatiha. Kafin ka ce kwabo sun watse, sun bar mana gwangwanayen lemo da warin fetur. Ban taɓa jin ƙyamar taron mutane kamar ranar ba.

Auta ne kawai bai tafi ba. Ya jingine babur, ya cire hular, fuskarsa sharkaf da gumi. Muka nufi gabashin tsamiyar. Ƙasar ta zama kamar an yi mata huɗa, tuddan sun baje cikin juna, ga tsingaro warwatse ko'ina, don ashe ba ni kaɗai na kife wa nawa tukunya ba. Na auna daga gindin bishiyar, na dawo na sake aunawa. Na durƙusa ina tsintar gutsattsarin ina juyawa, duk iri ɗaya ne.

Auta ya durƙusa kusa da ni. "Yaya, wanne ne nasa?"

Shekara da shekaru ina jiran ya yi mini wannan tambayar. Na dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, sawun tayarsa na kwance a kai.

Na ce, "Ban sani ba, Auta."