Fuskar Ummaru a Bangon Gabas

Cornelius mutumin Kafanchan ne, ya zo Dutsin-Ma yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci, har sunansa ya ɓace, sai Mai Fenti. Abin da ke cinsa a rai guda ne: shekara da shekaru yana zana harufa, bai taɓa zana mutum ba.

A 1980 aka ba shi bangon ɗakin ajiyar taki a kasuwar Kurfi, aka ce ya zana manomi. Ya roƙi abokinsa Ummaru na Barkiya, mai kawo masa gero, ya zauna masa ya zana fuskarsa. Kai, aiki ya yi kyau! Fuska ta cika bango, har giɓin haƙorin Ummaru ya fito. Mata suka ce murmushin mai rumbu cike ne, wasu suka ce a'a, na mai haƙuri ne.

Sai dai bawan Allah bai tambayi kowa ba. Bangon yana gabas da filin da 'yan kasuwa ke sallar azahar. Ranar kasuwa aka yi sahu, aka ɗaga kai, ga Ummaru yana yi wa jama'a murmushi. Sahu ya watse.

Washegari Ummaru ya zo, idonsa ja.

"Mai Fenti, ka kashe ni. Ana cewa na yarda a yi mini sujada. Ko gaisuwata ba a amsawa a Barkiya."

"Malam Ummaru, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Shafe ni kawai."

Cornelius ya dama farar ƙasa, Ummaru ya riƙe masa tsani. Mai Fenti ya fara daga hula ya bar idanun ƙarshe, yana shafawa yana hawaye, babu kunya. Daga nan ya koma kan harufansa.

Ummaru ya rasu shekarar fari, a 1984. Bayan sadakar arba'in ɗansa Tukur ya zo shagon Mai Fenti, ya durƙusa.

"Baba, tsohonmu bai taɓa ɗaukar hoto ba. Ka zana mana shi ko a kwali ne, jikokinsa su gani."

Cornelius ya zauna da fensir har la'asar. Hula ta fito, gemu ya fito. Fuskar kuwa ta ƙi zuwa.