Sai Na Neme Ka

Maimunatu mai ɗinki ta Kwararafa ba ta da dogon labari, ita ma in ka tambaye ta haka za ta ce maka. A unguwar aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan kuma ta yi wa mijinta Mahdi takaba. Sun taɓa riƙe rumfar yadi a babbar kasuwar Taminus, gobara ta lashe ta har da almakashi. Keken ɗinkinta ne kaɗai ya tsira, don ranar yana gida. Da shi ta aurar da 'yarta Salma zuwa Bauchi, da shi kuma take riƙe da kanta da mahaifinta, Baba Jika.

Shi Baba Jika ƙuruciyarsa a ramin kuza ta ƙare, yana yini a tsaye cikin ruwa har gwiwa. Sanyi ya shiga ƙashinsa tun wancan zamani, bai kuma fita ba. Ga shi a Jos sanyi ɗan gida ne, ko a tsakiyar damina sai ka ga ƙato yana makyarkyata cikin rigar sanyi. Shi ya sa Mahdi, Allah ya ji ƙansa, ya sayo wa surukinsa hita ta gwanjo, irin mai tanki wadda ake kafawa a bango. In an kawo wuta ta ɗumama ruwa, sai ya kwana da zafinsa, tsoho ya yi alwala da wanka cikin kwanciyar hankali.

Da yake hitar tsohuwa ce, Mahdi ya shirya da Sylvester, mai gyaran wuta a unguwar Congo-Russia. Duk ƙarshen wata Sylvester zai biyo a ba shi ɗan abin da aka yanka, ko hita ta lalace ko ba ta lalace ba. Ranar da ta lalace kuwa gyara nasa ne, ba ciniki. Mahdi ya raɗa wa abin suna kuɗin ko-ta-kwana. Shekaru aka yi ana haka, har Sylvester ya saba da shayin gidan, shi da Baba Jika su zauna suna musun ƙwallo, alhali Baban bai san ko ɗan wasa ɗaya ba.

Jinyar Mahdi ce ta jefa Maimunatu cikin bashi. Ta karɓi rance a wani ƙaramin bankin 'yan kasuwa, ta jinginar da keken. Mijin ya tafi, bashin ya zauna. Duk mako ma'aikaciyar bankin za ta yi sallama, ta gaishe ta da ladabi, amma idonta na kan keken. Maimunatu ta san in ta gaza shi za a ɗauka, in aka ɗauke shi kuwa ba ta san da me za su ci ba.

Sai ta fara yanka. Kuɗin dish ne ya fara tafiya, bai dame ta ba, dama barci take yi a gaban talabijin. Ta daina cika tukunyar gas, ta koma gawayi, gawayin ma da awo. Firji ta zare shi daga soket, ya zama ma'ajiyar atamfofin mutane, ta ce ai ko ɓera ba ya shiga. Nama ya koma baƙon Juma'a, daga baya ya koma baƙon salla. Ta janye daga layin janareton maƙwabci, ta riƙa jan keken zuwa bakin ƙofa tana taka shi da ƙafa, tana ɗinki da hasken rana har idonta ya fara ruwa. Gajiya ta zame mata kamar zanen ɗaurawa. Wani lokaci tana tsaka da taka keke sai ta ji ba ta son komai a duniya illa a ƙyale ta ta kwanta.

Da ta duba ta ga ba sauran abin yankewa, sai hankalinta ya kai kan kuɗin ko-ta-kwana. Hita dai tana aiki lafiya lau. Don me za a riƙa biyan kuɗin ciwon da bai zo ba?

Ƙarshen wata Sylvester ya iso da jakarsa ta kayan aiki. Ta ba shi na watan, ta tsaya tana murza bakin mayafi. Yaya za ta dubi mutumin da ya zo gaisuwar mijinta har da matarsa ta ce ta sallame shi?

"Oga Sylvester," ta ce, "wata mai zuwa kada ka wahalar da kanka. Sai na neme ka."

"To, Maman Salma, ba damuwa. Ka gaida Baba in ya tashi," ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo.

Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi da sai na neme ka. Kora ce da aka yi wa kwalliya. Ta ji kunya, ta kuma ji sauƙi, don ta ɗauka ya gane.

A watan Agusta, ana cikin yayyafin nan na Jos da ba ya ɗaukewa, hita ta yi wani ƙauri ta mutu. Maimunatu ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Da wane ido? Ta kori mutum, yanzu ta kira shi ya yi mata aikin banza? In kuma biya za ta yi, kuɗin banki ne za ta taɓa, ga shi saura ƙiris ta gama. Ta ce bari ta lallaɓa da gawayi zuwa ƙarshen biya.

Baba Jika ba yaro ba ne, yana ganin yadda take ƙirga gawayi da ido. Sai ya riƙa riga ta tashi. Kafin ta hura wuta ya riga ya yi alwala da ruwan randa.

"Baba, don Allah ka riƙa jira na."

"Ke Munatu, ni da na yi aikin kuza? Wannan ai ruwan ɗumi ne."

Ta san ƙarya yake yi mata don tausayi. Ta kuma bar shi, don ta gaji, don kuma ƙaryar tana rage mata gawayi.

Ranar da ta kai kuɗin ƙarshe banki, ta dawo ta shafa kan keken kamar mai shafa kan jariri. Ya dawo nata. Makon bai fita ba tari ya sarƙe Baba Jika, numfashi ya gagara, haƙarƙari ya riƙe. A asibiti suka ce sanyi ne ya kama huhunsa, sai an kwantar da shi, sai an sa masa iska, sai allurai masu tsada. Bankin ya ce sabon rance sai an bi layi. Salma ta turo abin da ta iya. Bai kai ko'ina ba.

Dole ta sa keken a kasuwa. Wata tela daga Congo-Russia mai suna Ekwutosi ce ta saya. Ta ba da rabin kuɗin aka kai asibiti, ta ce sauran sai ta zo da mai gyara ya duba injin lantarkin da ke jikin keken. Kashegarin da aka sallamo Baba ta zo, mai gyaran na biye da ita. Maimunatu ta ɗaga kai ta ga Sylvester. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Ya ga tsoho kwance cikin bargo, ya rame, ya ga tukunyar ruwa a kan kurfoti. Bai taɓa keken ba, ya wuce banɗaki. Ya kwance murfin hita ya leƙa.

"Maman Salma, tun yaushe ya mutu?"

"Tun Agusta."

"Agusta! Me ya sa ba ka kira ni ba? Kai ne ka ce sai ka neme ni. Ni ina ta jira. Har na ce ma madam ɗina, hita na Baba yana da ƙarfi o, shiru har yanzu."

"Ai na daina biyan ka, Oga. Na ɗauka ka gane sallama ce."

"Sallama?" Ya juyo da sukuddireba a hannu. "In za ka kore ni ka ce, Sylvester tafi. Ni na ji za a neme ni. Kuma wane biya? Shekara nawa Oga Mahdi yana ba ni, sau nawa na yi gyara? Ko ba kobo zan zo."

Waya ce guda ta ƙone. Ya yanke bakinta, ya fere, ya ɗaura, ya naɗe da baƙin salatif. Kafin Ekwutosi ta gama waya da mai Keke Napep, har ya gama gyaran. An yi sa'a akwai wuta, jar fitilar hita ta kama.

Sylvester ne ya taya su ɗaga keken ɗinkin zuwa waje. Maimunatu ta tsaya tana kallon wurin da ƙafafunsa suka bar shaida a siminti. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi.

Can Baba Jika ya motsa cikin bargo.

"Munatu, yau ba kya ɗinki ne? Na ji gidan shiru."

Ta shiga banɗaki ta tara hannu a famfo, ta jira.

"Ruwa ya yi zafi, Baba," ta ce. "Tashi ka yi alwala."