Littafin da Na Tokare Tebur da Shi

Shekarun farko na komawa mulkin farar hula ina aiki a wata masaƙa a Kudenda, a ɗakin kwamfuta. Mu biyu ne: ni da wani dattijo mutumin Binuwai, wanda ya rubuta manhajar da ke auna rini, ta ce ga yawan ja, ga yawan shuɗi, har atamfa ta fito da launin da aka nema.

Dattijon nan akwai son rubutu. Duk abin da ya taɓa a manhajar sai ya buɗe wani littafi mai baƙin bango ya rubuta dalili. Ni kuwa lokacin kaina yana hayaƙi. A wajenmu matasa, karanta bayani aikin wanda bai iya ba ne, rubuta shi kuma aikin wanda ba shi da abin yi. Har tsokanarsa nake yi, in ce ko wa'azin Lahadi yake shiryawa.

Da zai yi ritaya, mako guda yana bina mu zauna mu bi littafin shafi-shafi. Kullum sai in ce gobe. Ranar ƙarshe ya danƙa mini shi hannu biyu. Teburina yana girgiɗi, sai na cusa shi ƙarƙashin ƙafar, ya kuwa zauna daram. Damina ta zo, ruwa ya shigo ɗakin, ban ko tuna ba.

Bayan shekara aka canza kamfanin da ke kawo rini. Ja ya fara fitowa kamar ruwan zoɓon da aka tsinka. Masaƙar dama tana tangal-tangal, manaja ya ce in ban gyara ba kafin ƙarshen wata za a rufe sashen rini gaba ɗaya. Na duba manhajar, lambobi ne birjik, babu wanda ya ce mini ga abin da yake nufi. Na zaro littafin, shafukan sun manne, tawada ta zama dabbare-dabbare. Na ji tsoro, na kuma ji kunyar kaina.

Na tafi gidansa a Unguwar Boro. Ashe shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana da ƙyar, lissafi ya gudu. 'Yarsa, wadda ke aiki a sashen rinin, ita ke jinyarsa. Na yi masa bayani, sai ya tambaye ni.

"Ka karanta littafin?"

"Na karanta, Baba."

Ya yi murmushi, ya ce to babu damuwa, komai yana ciki.

'Yar ta rako ni bakin titi, fuskarta a sake, har tana yi mini godiya. Ta tambaye ni ko ta gaya wa sauran matan sashen su kwantar da hankalinsu.

Na ce ta ɗan dakata tukuna. Ta tsaya ta dube ni, ni kuma na tsayar da ɗan acaɓa.