Gwangwanin da Ba a Buɗe wa Rabi Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a nan Madina, kuma har yau in na ga gwangwanin madara sai in kawar da kai.

A lokacin, mu Hausawan unguwar Harra ta Gabas muna da asusu, wani babban gwangwanin madara da ke ajiye a ɗakin Baba Ilu mai dabino. Bayan Juma'a kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, saboda ciwo da jana'iza. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in mutum guda ya ce bai yarda ba, ba a buɗewa.

Cikin Rabi na wata uku likitoci suka ce zuciyarta ba za ta kai ta haihuwa ba, sai an cire shi. Ba ta da takardar zama, don haka sai asibitin kuɗi. Mijinta Sale tela ya durƙusa gaban dattawa yana roƙon a buɗe asusun. Har sun fara gyaɗa kai, sai ni, ɗalibin jami'a mai sabon rawani, na miƙe na ce gumin jama'a ba zai shiga zubar da ciki ba. Tunda yayanta ne ya faɗa, wa zai ja? Baba Ilu ya mayar da gwangwanin ƙarƙashin gado.

Da na je duba ta, ba ta yi mini fushi ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ka tambayi malaminka kuwa, ko kai kaɗai ka yanke?" Na ce ba sai na tambaya ba. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, Allah na nan."

A wata na bakwai ta tafi, ita da abin da ke cikinta. Sai bayan nan na tambaya. Malamin ya ce in amintattun likitoci sun tabbatar ran uwa na cikin haɗari, akwai sauƙi a shari'a. Ko shayinsa bai huce ba ya gama ba ni amsa.

Yanzu rediyo na kawo labarin Amurkawa suna ta gardama ko kuɗin haraji zai biya irin wannan aiki. Abokaina a masallacin Ƙuba sukan nemi ra'ayina, wai ni malam ne. Ban ga laifin mai tsoron inda kuɗinsa zai shiga ba, ni ma tsoron ne ya ɗaga ni gaban dattawa. Amma na san da Rabi na nan, dariya za ta yi ta ce maza sun sake zama, kuma ba a kira mai cikin ba.

Ta bar mana 'yarta Hauwa, mai amsa mini da Larabci da irin dariyar uwarta. Ni kuma ta bar mini tambayarta, wadda nake yi wa kaina kafin in ba kowa fatawa.

An dai buɗe gwangwanin daga baya, ranar da za a sayo mata likkafani. Baba Ilu ya dube ni ya ce ko akwai wanda bai yarda ba.